Ƙara akwai amma magana ba ta fita, a taimaka min da lasifikar masallacinmu

Mai Sauti Fagge:
Slm jama'ar gidan nan, dan Allah taimako nake nema kuma abin da ɗan gaggawa tunda azumi saura kwana kaɗan. Masallacin unguwarmu ne aka ɗora min kula da kayan sauti, bara da aka yi tafsiri mutane sun yi ta ƙorafi wai suna jin ƙara amma ba sa gane abin da Malam yake faɗa, musamman na sahun baya da kuma mata da suke can waje ƙarƙashin rumfa. Bana sai kwamiti suka haɗa kuɗi aka siyo sabuwar amfilifaya da manyan sifiku biyu, jiya bayan isha'i muka gwada wlh abin ya ma fi na bara muni, muryar sai wani gum gum kamar mutum ya sa kai a randa yana magana, in na ƙara boliyom kuma sai ta kama kuka wiiii har yara na toshe kunne. Ni ba karatun abin na yi ba, gyaran rediyo na koya a wajen maigidana, don haka a yi min bayani yadda zan gane. Kuɗin jama'a ne, abin ya hana ni barci.

Ɗan Situdiyo:
Wslm yaya. Kafin komai, a jikin mikisar, wato na'urar da ake soka mayik a jikinta ana saita sauti, akwai maɓallai uku a layin mayik ɗin Malam, na bes da na tsakiya da na tirebul. Ya ka murɗa su?

Mai Sauti Fagge:
Bes na kai shi ƙarshe don muryar ta yi kauri, tirebul ma na ɗaga sosai, na tsakiyan ne na rage don shi ne nake jin kamar yana sa hayaniya

Ɗan Situdiyo:
To ai ka kashe maganar da hannunka yaya, yi haƙuri. Wancan na tsakiyan da ka rage nan magana take zaune. Irin wannan saitin na masu kiɗan biki ne, ba na karatu ba

Malamin Fiziks:
Bari in ɗan koma baya kaɗan saboda ba shi kaɗai zai amfana ba, na san akwai da yawa a nan da suke murɗa maɓallan nan kullum ba tare da an taɓa gaya musu mene ne a bayansu ba. Sauti ba komai ba ne illa kaɗawa. Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ce aaaa, za ka ji yana rawa. Wannan rawar ce take tura iskar da ke kusa da ita, ita ma ta tura ta gaba, a haka har ta iso dodon kunnen mai sauraro shi ma ya kaɗa. Yawan kaɗawar da ake yi a cikin daƙiƙa ɗaya shi ake cewa firikwansi, ma'auninsa Hz, an sa masa sunan wani Bajamushe masanin kimiyya Heinrich Hertz. Abu ya kaɗa sau 100 a daƙiƙa, 100 Hz kenan, murya mai kauri. Ya kaɗa sau 5000, siririn sauti kenan kamar kukan gyare.

Mu Hausawa ma mun fi kowa sauƙin gane wannan don muna da kalangu. In makaɗi ya matse shi a hammata fatar ta ɗaure, sai ta riƙa kaɗawa da sauri muryar ta yi sama, in ya saki ta yi ƙasa. Bai ƙara ƙarfin duka ba fa, firikwansi kawai ya canza. Ƙarfin dukan shi ne ƙara, shi kuma da desibel ake auna shi. Abu biyu ne daban kuma matsalarka malam Mai Sauti daga haɗa su ta taso, kana ta ƙara ɗaya alhali ɗayan ne ba daidai ba.

Kunnen ɗan Adam lafiyayye, yaro ƙarami, yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Ƙasa da haka ba ka ji sai dai jikinka ya ji girgiza, giwaye suna kiran juna da irin wannan. Sama da haka kuma sai su kare da jemage.

Baba Injiniya:
Malam duk mun ji, amma ni fa shekara sama da talatin ina ɗaura lasifika a masallatai da filin idi da wajen maulidi tun zamanin kaset, ban taɓa lissafa wani Hz ba kuma ba a taɓa cewa aikina bai fita ba. Kunne ne aikin. Yaran yanzu sai ku buɗe waya kuna kallon zane yana hawa yana sauka ku manta da sauraro. Ɗana Mai Sauti, mayar da maɓallan nan uku tsakiya, ka sauke bes ɗin kaɗan, ka sa wani ya yi karatu kai kuma ka tafi sahun ƙarshe ka zauna a ƙasa yadda mutane za su zauna. Shi kenan.

Ɗan Situdiyo:
Baba ai abin da ka faɗa shi ne daidai, ba mu da ja. Amma kai shekara talatin ce ta koya maka, shi kuma kwana nawa ya rage masa? Lambobin nan gajeriyar hanya ce kawai zuwa inda kunnenka ya riga ya kai

Yaya Mai Sauti ga yadda ni na haddace su, ba sai ka riƙe duka ba.
Daga 20 zuwa 60 Hz nan ne wanda ke dukan ƙirji, irin na sab, wato babbar sifikar bes ta wajen biki, muryar mutum ba ta da komai a nan sai ƙarar iska da taɓa sandar mayik da takun ƙafa.
60 zuwa 250 shi ne bes na gaske, ganga da tambari da kaurin muryar namiji.
250 zuwa 500 nan ne randar da kake ji, in ya yi yawa komai sai ya cakuɗe kamar kunu.
500 zuwa 2000 jikin maganar kenan.
2000 zuwa 5000 nan baƙaƙe suke fitowa, nan ake bambance kalma da kalma.
Sama da 5000 kuma su sss da shsh da ƙyallin sauti, in ya yi yawa ya riƙa yankan kunne.

Kai yanzu ka cika na farko da na biyu da na ƙarshe, ka danne na huɗu da na biyar. Ka ga kuwa dole a ji ƙara a rasa magana

'Yar Rediyo:
Ina wuninku. Ni ta ɓangaren murya zan sa baki don shi ne aikina kullum, haɗa shirye-shirye da gyaran hirarraki. Muryar namiji babba gindinta yana tsakanin wajen 85 zuwa 180 Hz, ta mace wajen 165 zuwa 255. Amma abin mamakin shi ne ba gindin ne ke sa a gane magana ba. Layin tarho na da, daga 300 zuwa 3400 Hz kawai yake ɗauka, wato gindin muryar gaba ɗaya ma baya wucewa ta ciki, amma duk da haka in mahaifiyarki ta kira kina jin sallamarta kin san ita ce kuma kin gane duk abin da ta ce. Ƙwaƙwalwa ce take cike gurbin daga sautukan da ke hawa a kan gindin, ninki biyu ninki uku har sama.

Kuma mu harshenmu yana da abin lura guda biyu. Akwai karin sauti, kuka na hawaye da kuka ta miya ai hawa da saukar murya ne kawai ya raba su, wannan kam baya ɓata da sauƙi, ko ta bayan katanga ana jinsa. Amma tsawa da sawa fa? ko ƙafa da kafa, ko sha da sa? Bambancinsu ɗan ƙaramin abu ne a farkon kalma, ba shi da ƙarfi sam, kuma a sama yake zaune daga 2000 zuwa sama. Shi ne farkon abin da ke nutsewa in bes ya yi yawa ko ɗaki yana amsa kuwwa. Balle kuma tafsiri da ake jan aya, inda sin da sad da sa mai ɗigo uku kowanne da mafitarsa, in alaramma yana fitar da su daidai amma sifika ta haɗiye ai an cuce shi an cuci mai sauraro.

Mai Sauti Fagge:
Allahu akbar, Hajiya wlh kamar kina wajen, wani dattijo abin da ya ce min kenan bara, wai yana jin Malam na hawa yana sauka amma kalmomin sun narke

Na Damagaram:
Ina kwananku 'yan uwa, daga Zinder nake biye da ku. Ni tambayata game da wani guuuu da ke fitowa a sifika ko ba wanda ke magana, in kuran (wutar lantarki) ya ɗauke muka tada gurub (janareta) sai muryar guuun ta canza, wani lokacin ta yi ƙasa ta dawo. Mun canza mayik mun canza waya abin na nan

Malamin Fiziks:
Wannan wutar ce da kanta kake ji. Wutar layi a Nijar da Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, 50 Hz kenan, a Amurka 60 ce shi ya sa in ka kalli bidiyon gyara na can za ka ji suna ta cewa sittin, kar ka bi su. In ta samu hanyar shiga layin sauti sai ka ji 50 ɗin tare da 'ya'yanta 100 da 150. Ƙananan janareta kuma sai injin ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da 50 daidai, to in lodi ya yi masa yawa ya ɗan sassauta sai firikwansin ya sauka, shi ne kake jin muryar tana canzawa. Kunnenka bai yi ƙarya ba.

DJ Sabon Gari:
cire wayar at ɗin, wato wadda ke kai wuta ƙasa, kawai daga fulogin amfilifaya zai ɗauke, ni haka nake yi

Baba Injiniya:
A'a! Kar wanda ya yi wannan dan girman Allah. Eh zai iya ɗauke ƙarar amma ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen, ta bakin mai riƙe da mayik za ta bi. Na ga wanda ta jefar a gabana, leɓensa ya ƙone, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Ɗana na Damagaram, ka jona mikisa da amfilifaya a soket ɗaya, ka raba wayar mayik da wayar wuta kar su kwanta tare, ka yi amfani da waya mai baki uku ba mai baki ɗaya irin ta jita ba. Yawanci nan take mutuwa.

DJ Sabon Gari:
na karɓi gyara Baba, gsky ban san haɗarin ya kai haka ba

Ɗan Situdiyo:
Kuma yawancin mikisa akwai wani ɗan maɓalli kusa da inda ake soka mayik an rubuta 80 ko 100 a jikinsa, wani 75, danna shi. Yana yanke duk abin da ke ƙasa da wannan lambar ne, muryar ba ta rasa komai amma gurnanin wuta da bugun iska na p da b duk su ragu. Yaya Mai Sauti kai ma danna naka. Sannan ka lura ko Malam yana manna baki da mayik, irin mayik ɗin hannu da muke amfani da su in baki ya matso sosai bes ƙaruwa yake da kansa, to ka haɗa da wanda ka ƙara a mikisa ka haɗa da na ɗakin, randa uku kenan. Tazarar kamar faɗin tafin hannu ta isa

Mai Sauti Fagge:
To kukan fa? shi ya fi ɗaga min hankali, in ya yi a tsakiyar karatu kowa ni zai juyo ya kalla

Ɗan Situdiyo:
Ina ka ajiye sifikun?

Mai Sauti Fagge:
A bangon gaba, dama da hagun mumbari, Malam kuma kujerarsa tana ɗan gaba da su

Ɗan Situdiyo:
Shi ne. Sifika na bayansa tana hura wa mayik, mayik ya mayar wa amfilifaya, ita ta ƙara ta mayar wa sifika, a haka yake zagayawa har firikwansi ɗaya ya fi sauran ƙarfi ya zama kuka. Matso da su gaban Malam su ba shi baya, ka ɗaga su sama da kan mutane ka ɗan sunkuyar da su suna kallon sahun tsakiya. In kana da ikwalaiza mai sanduna 31, wato na'urar da kowace sandarta ke ɗaga ko sauke firikwansi guda, sai ka ɗaga boliyom a hankali har ya fara kukan, ka nemo sandar ka sauke ta kaɗan, a nan manhajar waya mai nuna zane take da amfani don za ta nuna maka lambar kai tsaye, Baba ka yi haƙuri

Malamin Fiziks:
Akwai dalilin da ya sa inda ka ajiye sifika ya fi maɓalli muhimmanci. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa in iska na da sanyin digiri 20, a zafin Kano na watan Afrilu ya kan kai wajen 355. Shi ya sa kake ganin walƙiya kafin ka ji tsawa, duk daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. To raba wannan gudun da firikwansi ka samu tsawon igiyar sautin. 100 Hz tsawonta ya kai mita 3 da ɗan ɗori, kusan faɗin shago. 1000 Hz santimita 34. 10,000 Hz kuwa santimita 3 da rabi ma bata cika ba, kamar gaɓar yatsa.

Doguwar igiya ba ruwanta da ginshiƙi ko kan mutum, zagaye su take ta wuce, har bango tana ratsawa, shi ya sa in ana biki a layin baya dum dum ɗin kawai ke iso maka cikin ɗaki ba ka jin waƙar. Gajeriyar kuma kamar hasken tocila take, inda aka haska nan take zuwa, mutum ɗaya ya tsaya a gabanta ya tare. To na sahun baya a masallacinku bes yana iso musu cikakke, baƙaƙen kuwa rigunan sahun farko sun shanye su. Ƙara sayen amfilifaya ba zai gyara wannan ba ko ta nawa ce.

Maganar mata a rumfa kuma, in akwai tazarar mita 30 tsakaninsu da sifikun ciki kuma ka sa musu tasu a can, za su ji tasu nan take, sannan ta cikin ta iso bayan kusan kashi 9 cikin 100 na daƙiƙa. Kunne yana jin wannan a matsayin magana biyu. Ko dai ka rage ta cikin yadda ba za ta kai musu da ƙarfi ba, ko ka samu na'urar jinkiri ka riƙe tasu kaɗan su iso tare.

Baba Injiniya:
Wannan na tocila gaskiya ne, mu da muna cewa hon baya shan kwana. Kuma ɗana in za ka sa wa mata hon irin na kan hasumiya, kar ka tura masa bes ko kaɗan, ba a yi shi don haka ba, koyil ɗin zai ƙone. Ƙananan sifiku huɗu a rarrabe a hankali sun fi manya biyu suna ihu.

Amma bari in faɗi wani abu tunda Malam ya ce yaro na ji har 20,000. Kwanaki jikana ya sa min wannan gwajin a waya da iyafis, sautin yana hawa yana hawa, ni wajen 11,000 na ji shiru na ce masa ya ƙare, shi kuwa yana ta yamutsa fuska wai har yanzu yana ji. Na daɗe zaune ban ce komai ba. Da daddare in gari ya yi tsit akwai wani siririn kuka da nake ji a kunnen hagu shekara da shekaru, na ɗauka kowa haka yake ji. Kuma na lura a 'yan shekarun nan in na saita sauti yara na cewa Baba tirebul ya yi yawa, ni kuma ina jin daidai ne.

'Yar Rediyo:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wani ɓangaren shekaru ne, kowa na sama yake fara rasawa, da wuya ka samu babban mutum da ke jin 20,000 ɗin nan. Amma wani ɓangaren aikin ne, ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka suka bayar shi ne desibel 85 na awa 8, duk ƙarin 3 kuma a raba lokacin biyu, 88 awa 4, 91 awa 2, in aka kai 100 minti 15 ne kacal. Yanzu ku tuna DJ da ke tsaye gefen sifika tun la'asar har sha biyun dare. Kuma kunne ya fi saurin jin sauti a tsakanin 2000 zuwa 5000, tun 1933 wasu masana biyu Fletcher da Munson suka auna wannan, wato daidai inda baƙaƙe suke nan ne kuma ƙara ta fi yin ɓarna, lalacewar ta kan fara nunawa wajen 4000. Mutum sai ya zama yana jin ana magana amma baya ganewa, irin dai ƙorafin da aka kawo mana a farko sai dai wannan karon ba maɓallin da za a murɗa. Baba dan Allah ka je asibitin kunne a auna maka, akwai na ƙasa a Kaduna, asibitocin koyarwa ma suna da sashen.

DJ Sabon Gari:
wlh ni ma in na dawo daga aiki kunnena na yin wiii har safe, wani lokacin sai azahar yake sakina. shekarata 26

'Yar Rediyo:
To ƙanena wannan gargaɗi ne yake maka. Sayi abin toshe kunne na roba ka riƙa sawa, ba shi da tsada, ka kuma janye teburinka daga gaban sifika.

Baba Injiniya:
Ka ji maganar yayarka. Ni ba wanda ya gaya min. Zan je in sha Allahu bayan sallah. Kuma Mai Sauti, in za ka gwada gobe ka tafi da yaro mai sabon kunne ya zauna a baya tare da kai, kar ka dogara da irin nawa.

Mai Sauti Fagge:
Slm jama'a, na dawo da rahoto. Yau bayan azahar muka sauke sifikun muka matso da su gaban kujerar Malam muka ɗaga su a kan ginshiƙai biyu na farko, na danna maɓallin 100 ɗin, bes na mayar ƙasa da tsakiya kaɗan, na tsakiyan na ɗaga ɗan kaɗan, tirebul a tsakiya. Ladan ya ja Suratul Mulk ni da ƙanina muna zaune a sahun ƙarshe jikin ƙofa, wlh har numfashinsa tsakanin aya da aya muna ji, kuma boliyom ɗin bai kai rabin inda na sa shi shekaranjiya ba, kukan ma bai yi ko sau ɗaya ba. Dattijon nan da na ba ku labari yana alwala a waje ya leƙo ya tambaya ko sabbin kaya aka kuma siyowa. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ba ka lafiya.

Saura rumfar mata, can har yanzu ana jin magana biyu in an tsaya daga gefen titi. Malamin Fiziks, na auna da taku, daga ginshiƙin zuwa rumfar taku 38 ne nawa, ya zan lissafa jinkirin? kuma wa ya san inda zan samu na'urar ta hannu a Sabon Gari ko titin Beirut a nan Kano kafin Juma'a

Ɗan Situdiyo:
Taku ba zai yi ba yaya, ari tef na magina ka auna da mita ka turo, duk mita ɗaya kusan milisakan 3 ne, wato kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa. Na'urar kuma bari in tambayi wani a shagonmu gobe da safe, ina jin yana da guda da baya amfani da ita